Kantin maganin da ya hana ni kafso a makon da mura ta kwantar da gidanmu

Shekara biyu ke nan da buɗe kantin maganin nan a bakin titin unguwarmu a Kano, amma sai a hunturun bana na taka ƙafata ciki. Kullum ina wucewa ta gabansa a adaidaita sahu in zan tafi makarantar da nake koyarwa, in hango ƙofar gilas da farin tayil da samari cikin fararen riguna, in ce a raina wannan na masu kumbar susa ne. Mu muna da kemis ɗinmu a lungu, ya san mu mun san shi, in wata ya yi nisa ya rubuta a littafi. Ba zan ambaci sunan kantin ba, domin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma mutumin da ke riƙe da shi ya yi mana halaccin da ba zan so in jawo masa magana ba.

Sati na biyu da komawa makaranta ne, cikin Janairu, hazo ya lulluɓe gari har ba a hango hasumiyar masallacin Juma'a daga ƙofar gidanmu. Ɗana na biyu, mai shekara tara, ya fita ranar Talata lafiya lau, ya ci ɗumamensa har ya nemi ƙari. Ƙarfe ɗaya ya dawo ya zube a tabarma ko takalmi bai cire ba. Jiki rau kamar garwashi, haƙora na haɗuwa, abin da yake ta faɗa kawai, "Umma, ƙasusuwana." Babu majina, babu atishawa, sai busasshen tari da ciwon kai. Na ba shi farasitamol na ce zazzaɓin cizon sauro ne. Washegari da la'asar autata mai shekara uku ta bi sahu. Na aika kemis ɗinmu aka ce ya tafi garinsu ta'aziyya, shago a kulle. Wannan ne ya sa bayan magariba na saɓa auta, babbar 'yata ta riƙo ɗan'uwanta, muka tura ƙofar gilas ɗin nan.

Na shiga da magana a bakina kamar yadda na saba. Na ce wa yaron da ke kan kanta, "A haɗa min na mura da zazzaɓi na yara biyu, a sa da amoksil ɗin nan na gari da ake zuba wa ruwa." Ya dubi yaran, ya ce in ɗan zauna, ya leƙa ciki ya kira famasis, wato masanin harhaɗa magunguna da ke riƙe da kantin.

Magidanci ne, da gilashi a ido, maganarsa a hankali. Ya ce, "Sannu Hajiya, ya masu jiki?" Bai juya wajen kantocin magani ba, kujera ya jawo ya zauna gaban yaran. Yaushe ya fara? Farat ɗaya ya zo ko a hankali? Me aka ba su, nawa, ƙarfe nawa? Suna shan ruwa? Yaushe rabon ƙaramar da fitsari? An kammala musu rigakafi? Sannan ya yi tambayar da a lokacin ban ga haɗinta da abin da ya kawo ni ba: wa da wa ke gidan? Akwai tsoho, ko mai juna biyu, ko jariri, ko mai asma? Na ce akwai surukata Hajiya, ta haura saba'in, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To, a kanta za mu fi sa ido."

Ya soki yatsun yaran ya ɗiga jini a ɗan farin allon gwajin maleriya, ya ce sai mun jira minti goma sha biyar. Kafin lokacin ya cika ya kunna tocila ya sa kowannensu ya buɗe baki. Duk wanda ke Kano a 2023 ya san dalili. Mashaƙo ya ɗauki yara da yawa a garin nan, kuma shi ma da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro yake sallama. Ya ce yana duba ko akwai yanar nan mai ruwan toka a can ciki, ko wuya ya kumbura. Babu. Ya sa babban ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, saboda sanƙarau, wanda shi ma lokacin rani da ƙura ne nasa. Wuya ya lanƙwasu. Gwajin ya fito da layi ɗaya ɗaya, babu maleriya.

Daga nan ya yi min bayanin da har yau nake maimaita wa malaman makarantarmu. Ya ce mu Hausawa komai mura muke ce masa, alhali iri biyu ne. Akwai 'yar mura da ke zuwa a hankali, da yoyon hanci da atishawa, mutum na harkokinsa da hankici a hannu. Akwai kuma mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ita kuwa kwaf ɗaya take kayar da mutum, da zazzaɓi mai ƙarfi da ciwon gaɓoɓi da kasala da busasshen tari. Ya ce tabbacin ita ce sai da gwajin majinar hanci, shi kuma ba shi da shi, amma yadda ta zo wa yaron da yadda ta tsallaka kan ƙanwarsa cikin kwana ɗaya, kamanninta ne sak. Daga ranar da mutum ya shaƙe ta zuwa ranar da za ta bayyana kwana ɗaya ne zuwa huɗu, yawanci biyu. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Amoksil da ire-irensa kuwa bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da bairos.

Na ce, "Malam, duk da haka a sa min, ai ba ya ɓaci."

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan sa ba. In na ba ki, na ci kuɗinki, yaran su samu gudawa a banza, kuma ranar da suka buƙace shi da gaske ya zo ya ƙi aiki. In alamar da ke buƙatarsa ta fito, likita ne zai rubuta, ni kuma in ba ki."

Raina bai so ba, kuma ba zan ɓoye ba. Uwa ce ni da yara biyu jiki na ci da wuta, na biya kuɗin adaidaita, na zo inda aka ce sun fi kowa sanin magani, a ce in koma da farasitamol ɗin da nake da shi a gida. Shekara da shekaru mun saba a ƙulla mana ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a farar leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali, a ce safe da yamma. In an warke a ce haɗin ya yi kyau. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa kwana biyar zuwa bakwai ɗin da muke shan haɗin, su ne dai kwanakin da murar ke yi ta tafi don kanta ba.

Abin da ya sayar min bai cika leda ba: farasitamol na ruwa, ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ƙullin gishiri da suga na haɗa ruwan sha, takunkumin fuska guda goma, da ma'aunin zafin jiki. Sai da ya ɗora yaran a sikeli kafin ya faɗi adadin da za a ba kowa, ya ce da nauyi ake auna wa yaro, ba da shekaru ba, kuma da ɗan kofin da ke cikin kwalin, ba da cokalin shayi ba. Ya ɗauki biro ya rubuta a jikin kwalin da Hausa: asuba, sha biyun rana, magariba, sha biyun dare, kada a wuce sau huɗu, in jiki ya yi sanyi kuma yaro na wasa a tsallake. Ya juya kowane kwali ya nuna min lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ya tambaye ni ko akwai asfirin a gida, ko garin maganin ciwon kai na takarda irin su Alabukun, wanda asfirin ne a cikinsa. Ya ce kada ya kusanci yaro mai irin wannan zazzaɓi, domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Na nemi maganin tari na kwalba, ya ce ƙaramar ba ta kai ba, babban ma zuma cikin ruwan ɗumi ta ishe shi. Mai kodin kuwa gwamnati ta hana shi tun 2018, shi bai taɓa ajiye shi ba.

Ma'aunin zafin nan shi ne abin da na fi samun amfaninsa a duk kuɗin da na kashe. Ɗan siriri ne kamar biro, mai batir, kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba. A sa a hammata, a matse hannun yaro, ya yi ƙara, a karanta. Da hannu nake auna zafin 'ya'yana tun haihuwar fari, amma a hunturu hannun uwa sanyi ƙalau yake, kowane goshi ta taɓa sai ta ji wuta. Daren farko na babban ya nuna 39.4, bayan awa ɗaya da shan magani ya sauko 38.2. Na samu takarda na riƙa rubuta lokaci da lamba, kuma takardar nan ta yi mana rana daga baya. Aibinsa ɗaya, lambobin ƙanana ne kuma ba su da haske, da dare sai an haska da waya.

Kafin mu fito ya koya min abin da ba a sayarwa. Ya ce in ƙaramar ta yi barci ko ta natsu, in ɗaga rigarta in ƙirga numfashinta minti ɗaya cur. Yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai arba'in ko ya wuce, ko na ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, kada in dawo kantinsa, in wuce asibiti ko ƙarfe nawa ne. Ƙarfe biyun daren nan ina zaune a bakin katifa, an ɗauke wuta, iska na kaɗa langalangar maƙwabta. Na ɗaga rigar sanyinta, na kunna agogon waya, na zuba wa ɗan cikinta ido yana hawa yana sauka. Na ƙirga talatin da huɗu. Ban yarda ba na sake, talatin da uku. Na ja mata bargo na jingina da bango, a nan barci ya ɗauke ni, karon farko cikin kwana biyu.

Wani abin da ya ƙara masa daraja a idona, bai raina abin da muka gada ba. Da na ce Hajiya ta sa an dafa citta da kanumfari da lemun tsami, cewa ya yi a ci gaba, duk abin da zai sa mai mura ya sha ruwa mai ɗumi da yawa alheri ne, a haɗa da kunu da romon farfesu. Sai dai ya ja min kunne a kan abu huɗu. Zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Sirace da tazargade ko ganyen darbejiya, babba ya yi abinsa in yana jin daɗinsa, amma kada a lulluɓe ƙaramin yaro da tukunyar tafasasshen ruwa, ya ce ƙunar da ya gani ta wannan hanya ta ishe shi. Man zafi a shafa a ƙirjin babban yaro, kada a cusa a hanci, kada a shafa wa jinjiri. Na huɗun shi ne kaskon gawayi. Ya ce ya san sanyi ake, amma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, ga hayaƙin na ƙara tayar da tari. A ɗumama ɗaki a fitar da kasko kafin a kwanta, da rana kuma a buɗe taga ko da hazo.

Ranar Juma'a murar ta kama ni, Asabar ta kama maigida. Sai da na ji a jikina na gane abin da yaron nan ke nufi da ƙasusuwansa. Daga gado zuwa banɗaki sai na dafa bango. Maigida shi ba ya zama, ya sayo ƙwayar mura ta kwali a hanya yana haɗawa da farasitamol biyu biyu don ya samu ya fita kasuwa. Da babbar 'yata ta koma kantin sayo ruwan gishiri ta ambata, famasis ya karɓi lambar babanta ya kira shi da kansa. Ya ce masa, "Alhaji, irin su Procold da Mixagrip da farasitamol a cikinsu. In ka haɗa da wani, ninki kake sha ba ka sani ba, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, hanta ce ke biya." Ya ƙara da cewa ya zauna a gida, don kowane abokin ciniki da ya yi wa tari a rumfa ya kai wa iyalinsa tsaraba. Maigida ya ji ta farko, ta biyun kuwa kwana ɗaya ya iya.

Mun yi ƙoƙarin kare Hajiya. Aka hana yara shiga ɗakinta, aka ware mata kofi da kwano, duk mai kai mata abinci ya wanke hannu da sabulu ya sa takunkumi. Amma wa zai hana kaka jikanta? Auta na kuka da dare ta fito ta ɗauke ta ta goya. Ranar Lahadi da safe ta ce, "'Yar nan, jikina ba daɗi." Na auna, 38.6.

A nan na ga iyakar kantin, na kuma ga mutuncin mai shi. Da na kira shi bai ce a zo a karɓi komai ba. Ya ce a kai ta wurin likita yau, kada a kwana. Ya ce akwai maganin da aka yi don wannan ƙwayar musamman, sunansa oseltamibir, ana ba masu rauni irin su tsofaffi da masu suga da masu ciki, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Ya ce kada a ba ta ƙwayar mura ta kwali, domin sinadarin buɗe hanci da ke ciki yana tayar da hawan jini, kada a ba ta ibuprofen ko diklofenak saboda ƙoda, a rage zuma, a riƙa auna sugarta fiye da kullum don ciwo na hargitsa shi. Muka kai ta, likita ya duba ya rubuta maganin. Muka dawo kantin da takarda, babu. Ya ce ba ya ajiyewa saboda ba a tambaya, sai ya lalace a kanta. Ya yi ta buga waya, har wurin dillalai a Dangwauro inda aka mayar da 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari a 2024, maigida ma ya zaga kantuna huɗu da zazzaɓi a jikinsa. Ba a samu ba sai da kwanakin suka wuce. Wannan shi ne babban ƙorafina. Kantin da ya san darajar awa 48 har ya koya min ita, ya kamata a ce ko kwali biyu yana da su a cikin hunturu.

Abin da na saya a madadinsa shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta fi ma'aunin zafi tsada nesa ba kusa ba, kuma tana da fitina: in yatsa ya yi sanyi sai ta yi ta ƙyafta ido ba lamba, sai na murza hannun Hajiya cikin nawa ya yi ɗumi tukuna. Ya gaya min mai lafiya 95 ne zuwa sama, in ta sauka 92 ko ƙasa a tafi asibiti, kuma kada in dogara da ita ita kaɗai, don takan ɗan ƙara wa masu duhun fata lamba. In ga yadda take numfashi, in ji yadda take magana.

Laraba Hajiya ta ji sauƙi, har ta zauna a tsakar gida tana jan carbi a hantsi. Muka ce alhamdulillahi an tsallake. Daren Alhamis zazzaɓi ya dawo, tarin da yake busasshe ya koma mai kauri, tana dafe gefen ƙirji in ta ja numfashi. Dama ya faɗa min tun farko, in mai mura ya samu sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo, ba murar ba ce, wani abu ne ya hau kanta. Na'ura ta nuna 91. Ba mu jira gari ya waye ba. A asibiti aka yi hoton ƙirji aka ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, aka ba ta gado, aka sa mata iskar oksijin, aka fara allurar kashe bakteriya, dangin maganin da aka hana ni mako guda kafin nan. Likitar da ta karɓe mu ta karanta takardar da nake rubuta zafin jiki da suga daga farko har ƙarshe, ta tambayi ko an ba ta wani kafso a gida. Na ce a'a. Ta ce hakan ya sauƙaƙa mata zaɓen magani. Kwana uku muka yi aka sallame mu.

A zaman jinyar nan ne, ina kan tabarma gefen gadonta, na karanta a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan murar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu ba ta da wata guda, tana iya ɓullowa kowane lokaci. Na dubi Hajiya da robar iska a hanci, na tuna sau nawa na ji an ce wane "ɗan zazzaɓi da tari ya yi kwana biyu" aka wayi gari babu shi.

Warkewa ta fi ciwon tsawo. Yaran cikin mako suka miƙe, amma na riƙe babban a gida har sai da ya yi yini da kwana ba zazzaɓi ba tare da magani ba, kamar yadda aka ce min. Ni na koma aji da wuri saboda jarrabawar gwaji, na yi sati biyu in na yi darasi ɗaya sai na nemi kujera, tarin kuwa ya kusa sati uku. Na koma kantin a kansa, ya ce in babu zazzaɓi, babu jini, babu haki, tarin bayan mura yakan yi sati biyu ko fiye, in kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, in sa takunkumi saboda ƙura da garin alli. In ya wuce sati uku a je a yi gwajin tarin fuka. Ranar ban kashe ko sisi ba.

Sauran ƙorafina ba su kai na farko ba, amma suna nan. Kayansu sun fi na lungu tsada, kuma ba sa ba da bashi, wanda ga mai jiran albashi a watan biyan kuɗin makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Kujeru biyu ne kacal. Ɗakin a rufe yake ruf da na'urar sanyaya wuri, mutum goma na tari a layi ɗaya da mai jego da jaririnta, babu wanda ya ce a buɗe ƙofa ko a miƙa wa masu tari takunkumi. Babu wani lungu da mace za ta faɗi damuwarta ba a kunnen maza ba, kuma duk ma'aikatan maza ne. Ƙarfe goma suke rufewa, ciwon yara kuwa tsakar dare ya fi so. Wanda ya fi ci min rai shi ne abin da na gani wata Lahadi da famasis ba ya nan. Wani mutum ya shigo ya ce a ba shi kafso guda huɗu na mura, yaron kanta ya yanka masa a kati ya karɓi kuɗi, ko tambaya ɗaya bai yi ba. Takardar lasisin hukumar masu harhaɗa magunguna na rataye a bango a saman kansa. Ashe duk abin da na yaba a jikin mutum ɗaya yake, in ya fita kantin ya zama kemis mai tayil. Na gaya masa da na sake ganinsa. Bai kare yaron ba, ya ce zai yi magana, na kuma ga ransa ya ɓaci. Saboda haka duk wadda za ta je irin wannan kanti, ta fara tambaya ko famasis na nan, in ba ya nan ta tambayi lokacin da zai dawo.

Bayan Hajiya ta dawo gida na tambaye shi ko akwai abin da zai hana mu maimaita wannan baɗi. Ya ce akwai allurar rigakafin mura, ana yin ta duk shekara domin ƙwayar na sauya kama, kuma sai ta yi kamar sati biyu a jiki kafin ta fara kariya. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage tsananin da ke kai mutum gadon asibiti. An fi son ta ga masu juna biyu, da yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da waɗanda suka haura 65, da masu ciwo mai daɗewa, da ma'aikatan lafiya. Ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta a asibitocinmu, saye ake yi. Shi yakan yi odarta ne gabanin aikin Hajji, saboda hukumomin Saudiyya na shawartar alhazai su yi ta, kuma maniyyata ne kaɗai ke tambaya. Ya buɗe min firjinsa mai aiki da sola, da takardar da suke rubuta sanyinsa safe da yamma manne a ƙofa, ya ce tsakanin digiri 2 da 8 ake riƙe shi. Na ce masa to me ya hana ya liƙa sanarwa da Hausa a ƙofar gilas ɗin nan tun watan Oktoba, masu tsofaffi a gida su sani? Shekara biyu ina wucewa ban taɓa jin akwai irin wannan allura a garin nan ba. Ya ce gaskiyata.

Hajiya ta sa na kai masa kwalbar zuma daga cikin wadda aka kawo mata dubiya daga ƙauye, ta ce a gaya wa "yaron nan mai gilashi" tana sa masa albarka. Na kai, na kuma sa ya rubuta sunanta da na auta a littafin masu jiran allurar. Ya ce in ta iso zai kira. Sati uku ke nan bai kira ba, ranar Asabar in na taso daga kasuwa zan leƙa.